Baƙin Ciki

Ƙarfe biyar na asuba a birnin Gent,
ruwa na dukan rufin ɗakin gwaji.
Ni kaɗai ce, sai tuluna biyar na gilashi,
tiyo ya haɗa su baki da baki.
Na farko tumbi, na biyu ƙaramin hanji,
ukun ƙarshe babban hanji ne,
da ɗumi irin na jikin mutum,
sai dai ba suna, ba mai cewa wayyo.

Na auno farin gari, cokali biyu.
Sukari ne, amma ba na shayi ba.
Daga saiwar cikori aka tatso shi,
doguwar sarƙa mai ƙulli
wadda miyau bai san makamarta ba.
Tumbi ya jujjuya ta, ya ba ta hanya,
ƙaramin hanji ya shinshina, ya kau da kai.
Haka za ta gangara, ko zare ba a cire mata ba,
har unguwar ƙasa, inda ba fitila ba iska,
inda bakteriya ke jira da almakashi.

Masu kai kamar gwafa su ne ke fara yanka,
su ci, su tofar da tsami.
Abin da wannan ya tofar, kalacin maƙwabci ne:
ya ɗauka, ya sake dafawa,
ya fito da wani tsamin mai warin man shanun da ya kwana,
shi bangon hanji ke sha ya rayu.
In tsami ya cika unguwa
miyagu kan naɗe tabarmarsu.
Na rubuta lambar a littafi.
Wannes zai zo da takwas, ya duba, ya ce madalla.

Ni kuwa hankalina na hawa na huɗu a asibiti.

Remi, mahaifina, shekara arba'in
yana tonon cikori a laka, kusa da Ieper,
yatsunsa har yau da ƙasa a tsagarsu.
Bai taɓa tambayar ina motar take kai saiwar ba.
Sanyi ya kama huhunsa,
aka yi mako uku ana ɗura masa magani.
Huhu ya warke.
Amma maganin bai san ɗan gari ba, bai san ɓarawo ba,
ya share unguwar ƙasa kakaf.
Yanzu ruwa yake sha, ruwa yake fitarwa,
an ƙara wa bel ɗinsa huda biyu.
Godelieve, in ji shi, cikina kango ne.

Likita ta ce rabin ludayi, kada ki zarce,
in kin cika musu tukunya
za su yi biki da ganga, shi zai kwana a kumbure.
Na dafa albasa da lawashinta har suka narke,
da ɗan tafarnuwa, na kawo a fulas.
Ya kurɓa, ya yamutsa fuska:
Wannan ai ba zai riƙe ni ba.
Na ce ba kai nake ciyarwa ba, Baba,
tsaba nake watsa wa waɗanda suka tsira.

Baƙin ciki ashe iri biyu ne.
Ɗaya ya tare a ƙirjina, ba ya biyan haya.
Ɗayan kuwa su nake roƙo su dawo,
su hayayyafa, su ci saura, su yi ta tofarwa.

Rana ta tara, muna zaune shiru,
sai wata ƙara ta fito daga ƙarƙashin bargo,
doguwa, ba kunya.
Tsohon da ke gadon gefe ya sauke jarida.
Baba ya ɗaga yatsa ɗaya, ya ce: Sun iso.

Miyar ce, ko kwanaki ne suka yi aikinsu?
Mutum ɗaya ba ya zama hujja,
Wannes zai faɗa mini haka, kuma da gaskiyarsa.
Na wanke fulas ɗin dai.
Gobe akwai sauran albasa.